Kod ɗin Django Ba Aljanu Suka Rubuta Shi Ba

Akwai wata magana da na gaji da jin ta a bakin matasanmu masu koyon rubuta manhaja, wai ɗan koyo ba shi da hurumin leƙa cikin kod ɗin Django ko Laravel sai ya zama gwani, in ba haka ba kansa zai ɗaure. Abin takaici, har wasu masu koyarwa ke yaɗa ta. Maganar ba ta da tushe, kuma tana kashe wa yara zuciya.

Django tarin kod ne da aka riga aka rubuta da harshen Python don sauƙaƙa gina shafukan intanet. Mutane irinmu ne suka rubuta shi. Adrian Holovaty da Simon Willison suka fara shi suna aiki a jaridar Lawrence Journal-World da ke jihar Kansas ta Amurka, aka sake shi ga jama'a a 2005. Yana nan a GitHub kyauta, kuma ranar da ka girka shi da pip kod ɗinsa ya sauka cikin kwamfutarka. To me aka ɓoye maka?

Buɗe fayil ɗin shortcuts.py ka dubi render, wanda kake kira kullum. Layuka 'yan kaɗan ne: ya cika shafin da bayanan da ka ba shi, ya mayar da HttpResponse. Shi ke nan asirin. A ƙasansa akwai get_object_or_404, shi ma neman abu yake yi a rumbun bayanai, in bai samu ba ya ɗaga Http404. Wanda ya iya rubuta if da for zai gane su. Amma sai ka ga yaro ya kwana yana kwafo amsa daga YouTube yana liƙawa, kamar direban da ya shekara yana tuƙi bai taɓa ɗaga bonet ba.

Gaskiya ne tsadar data da rashin wuta suna kawo cikas, sai dai karanta fayil ɗin da ke kwamfutarka ba ya cin ko kwabo.

Kada ka ce za ka karanta kod ɗin Django daga farko zuwa ƙarshe, ko masu kula da shi ba haka suke yi ba. Ɗauki aiki guda ka bi sawunsa. In kana amfani da VS Code, ɗora alama a kan sunan aikin ka danna F12, zai kai ka inda aka rubuta shi. Idan manhajarka ta faɗi, karanta saƙon kuskuren tun daga ƙasa, ka buɗe fayil da layin da ya ambata. Leƙa babban fayil ɗin tests a GitHub, can za ka ga yadda ake so kowane abu ya yi aiki. Tabbatar sigar da kake karantawa ita ce wadda ka girka. Kuma kada ka kuskura ka gyara komai a cikin site-packages, inda pip ya ajiye kod ɗin, domin sabuntawa ɗaya za ta share maka gyaran.

Ku kuma malamai, ku ji tsoron Allah ku daina tsorata ɗalibai. Ku zauna da su ku buɗe fayil ɗin tare.