Ruwa a Tankin Tsohuwar Tarakta: Ta Ina Yake Shiga, Kuma Ta Yaya Za a Fitar da Shi?

Duk shekara idan damina ta kawo jiki, za ka ga masu tarakta suna zarya tsakanin garejojin Fagge da shagunan kayan gyara na France Road a Sabon Gari. Kuka ɗaya ne: an ajiye tarakta lafiya ƙalau tun bayan girbi, yau an zo tayar da ita ta tashi, ta yi tari, ta fitar da farin hayaƙi, ta mutu. Wani ya canza batir, wani ya sayi nozul sabo. Sau da yawa kuma ciwon ba a nan yake ba, ruwa ne ya kwanta a gindin tanki.

Abin ya fi kama tsofaffin taraktoci irin su Massey Ferguson 135 da 165, da Steyr da aka riƙa harhaɗawa a Bauchi, da Fiat, saboda tankinsu na ƙarfe ne kuma robar murfinsu ta daɗe da bushewa. Ga mai noman haya, rasa mako guda a farkon damina ba ƙaramar asara ba ce, domin manomi ba zai jira ka ba, ƙasa ma ba za ta jira shi ba.

Me ya sa ruwan ke sauka ƙasa?

Ka zuba man gyaɗa a kofin ruwa, ka motsa, ka ajiye. Ba a jima ba za su rabu, mai a sama, ruwa a ƙasa. Haka dizal, wanda muke kira gas, da fetur suke yi. Ƙwayoyin ruwa suna da ɓangare mai caji kaɗan, don haka suna riƙe junansu, su ture na mai. Sannan ruwa ya fi nauyi: lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, ta dizal kimanin giram 840, ta fetur kuwa wajen giram 740.

To, injin daga ƙasan tanki yake shan mai. Ka ga ke nan ko tanki cike yake da mai mai kyau, ruwan ne zai fara isa bututu. Amma wannan halin nasa shi ne kuma ya sauƙaƙa maganinsa: tunda ya ware kansa a ƙasa, ta ƙasa za a zare shi, ba sai an yi asarar man duka ba.

Ta ina ya shiga?

Makanikai za su ce maka tanki ne ya yi gumi. Da gaskiyarsu. Tanki yana numfashi ta 'yar kafar da ke jikin murfi. Da rana iskar ciki ta yi zafi ta fita, da dare ta huce, sabuwa ta shiga da danshinta, ya zama raɓa a jikin ƙarfe ya gangara.

Sai dai mu yi lissafi. Iska mai cike da danshi a zafin digiri 30 tana ɗaukar ruwa kimanin giram 30 a kowace lita 1,000. Idan ta huce zuwa digiri 20, giram 17 kawai take iya riƙewa. A ce akwai sararin lita 40 a saman man, abin da zai zubo a dare ɗaya bai wuce rabin mililita ba, ko da a watan Agusta ne. A dare 100 zai kai mililita 50, wato ƙasa da rabin kofin shayi. Ya isa ya kawo tsatsa, amma idan ka zare lita biyu ko uku na ruwa, to ba gumi ba ne. Duba murfin da ya tsage, ko wankin tarakta da tiyo, ko durom da aka bari a tsaye ruwan sama ya taru a kansa, ko jarkar 'yan bumburutu, ko tankin ƙarƙashin ƙasa na gidan mai da ambaliya ta shiga.

Ɓarnar da yake yi

A injin dizal, man da kansa ne ke shafe cikin famfon injekta don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Ruwa ba ya wannan aikin. Sassan famfon an yi su ne daf da juna ƙwarai, kuma suna tura mai da ƙarfin da ya ninka iskar tayar mota fiye da sau hamsin, don haka tsatsa kaɗan ta isa ta kashe shi. Ɗigon ruwan da ya kai bakin nozul mai zafi kuma yakan zama tururi nan take, ya iya fasa bakin.

Akwai kuma baƙin yauƙin nan da ke toshe filta. Ba datti ba ne kawai, halittu ne: bakteriya da fungas da ke zama daidai inda ruwa da dizal suka haɗu, suna shan ruwa suna cin mai. Ɗaya daga cikinsu, Hormoconis resinae, sananne ne har a tankin jiragen sama. In babu ruwa, ba su da wurin zama.

Idan taraktar ta fetur ce, kamar tsohuwar Ferguson TE20 da aka fara ƙerawa a Ingila a 1946, ruwan a kafireto yake taruwa. Fetur mai sinadarin etanol ko metanol yana da wata matsala: sinadarin yakan bi ruwan ya sauka ƙasa tare da shi, ya bar fetur na sama da rauni. Kuna iya tuna watan Fabrairun 2022, lokacin da NNPC ta sanar cewa fetur ɗin da aka shigo da shi daga Beljiyam yana da metanol fiye da ƙima, abin da ya jawo dogayen layuka a gidajen mai.

Yadda za a fitar da shi

Na farko, daina murza makulli. Kowace murzawa tana ƙara tura ruwan cikin famfo. Cire kan batir, ka faka ta a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu, janareta da masu walda. Idan za ta ɗan karkata zuwa ɓangaren da famfon tanki yake, ya fi. Ka bar ta ta kwana don ruwan ya kwanta.

Na biyu, rufe famfon tanki, ka kwance ɗan kofin gilashin da ke ƙarƙashinsa ko a jikin filta. Aikinsa ke nan, tare ruwa da laka. Zubar, wanke, ka duba robarsa.

Na uku, buɗe famfon ko noti na ƙasan tanki, ka tara a kwalba mai haske, kaɗan-kaɗan. Ɗaga ta sama, za ka ga layin da ya raba ruwa da mai. Ci gaba har sai mai tsantsa ya riƙa fitowa. Idan man ya yi hazo kamar an ɗiga masa madara, ko yana fitowa da baƙin yauƙi, juye shi gaba ɗaya.

Idan tankin ba shi da noti a ƙasa, sa famfon hannu da tiyo, ka kai bakinsa can lungun da ya fi zurfi. Don Allah kada a tsotsa da baki. Mai kaɗan da ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana iya jawo kumburin huhu mai tsanani.

Na huɗu, ɗauraye tankin da lita ɗaya ko biyu ta mai mai kyau, wanke ragar da ke kan famfon, ka sa sabuwar filta. Takardar filta da ta sha ruwa ta kumbura, wanki ba ya gyara ta. Mai fetur kuma ya kwance notin ƙasan kafireto ya zubar da abin da ke ciki.

Na biyar, ga dizal, sai a fitar da iska. Sassauta notin iska na kan filta, ka riƙa danna hannun ƙaramin famfon mai har kumfa ta ƙare, ka ɗaure, sannan ka yi haka a famfon injekta. Idan aka kai ga sassauta bututun nozul, a janye hannu: feshin dizal mai ƙarfi yana huda fata.

Wasu na zuba sifirit a tanki wai ya shanye ruwan. A dizal kuskure ne, domin zai ɗauki ruwan ya tsallake da shi filta har cikin famfo, inda kake gudun ya je.

Abin da aka zare fa?

Dizal da ya yi hazo a zuba shi a jarka a rufe, a bar shi kwana biyu ko uku. Idan ya washe, a tsiyaye na sama a hankali ta mazurari da kyalle mai tsabta. Na ƙasan kuma kada a zuba a kwata. Magudanan Fagge da Sabon Gari a rafin Jakara suke ƙarewa, kuma da ruwansa masu lambu ke ban-ruwa. A tara shi a ba masu sayen baƙin mai. Fetur ya fi haɗari: tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya iske wuta. Tankin da aka juye ma cike yake da tururin, kada a kai shi walda haka nan.

Kafin a sake ajiye ta

A cika tanki kafin a ajiye tarakta, don iska ta rasa wuri. A canza robar murfi. Durom a kwantar da shi ko a rufe kansa, kuma kada a zuƙo mai daga can gindinsa. Akwai wani maƙalƙashin gwaji da gidajen mai ke shafa wa sandar awo, wanda ke canza launi idan ya taɓa ruwa. Mai taraktoci da yawa ya nemi nasa. Sannan a damina, kowace safiya kafin a tayar da injin, a durƙusa a leƙa kofin gilashin nan. Idan an ga layi a ciki, a zubar tukuna.