Mene ne Vipassana?

Kalmar takan fito a labaran Indiya duk lokacin da ɗan siyasa irin Arvind Kejriwal ya ɓace na kwana 10. Tsohuwar hanyar horar da zuciya ce ta mabiya Buddha, ma'anarta ganin abu yadda yake.

Mai shiga horon yakan miƙa wayarsa, ya kame bakinsa, ya tashi ƙarfe 4 na asuba. Kwana ukun farko numfashinsa kawai yake lura da shi. Daga nan ya bi jikinsa daga ka zuwa ƙafa, yana kallon ciwo da daɗi bai tanka ba. Zaman awa 10 kullum, ba wasa ba!

S.N. Goenka ne ya kawo tsarin zuwa Indiya daga Burma a 1969. Kyauta ake koyarwa, har fursunonin gidan yarin Tihar a Delhi sun yi a 1994.