Rijiyar Kowa: Wa Ke Biyan Kuɗin Manhajar Kyauta?

Kowane hakimi ya san sha'anin rijiyar gari. Ruwa na kowa ne, amma haƙa da yasa sai an sami mai ɗaukar nauyi. Haka yake ga manhaja mai buɗaɗɗen tushe, watau umarnin da ke tafiyar da kwamfuta wanda masu shi suka bar wa kowa ya ɗauka, ya duba, ya gyara, ba da ko kwabo ba.

Irin wannan manhaja tana aiki a ƙasar Augie. Lissafin wata-wata na asibitoci, na haihuwa da rigakafi da zazzaɓin cizon sauro, cikin wata manhaja mai suna DHIS2 ake shigar da shi, sa'an nan Birnin Kebbi da Abuja su gani. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da ita, ƙasashe fiye da 70 kuwa suna amfani da ita. Kuɗin aikin yana fitowa ne daga hukumar ba da taimako ta Norway, da UNICEF, da Gavi, da makamantansu.

Wata manhajar kuwa karo-karo ke riƙe da ita. Godot, wadda ake ƙera wasannin kwamfuta da ita, an sake ta kyauta a 2014. Masu amfani da ita suna ba da gudunmawa kowane wata, a 2020 kuma kamfanin Epic Games ya ba ta dala 250,000.

In aka yi sakaci, rijiya takan rufta. A 2014 aka gano ɓaraka a OpenSSL, manhajar da ke tsare asirin mutane a intanet, alhali gudunmawar da take samu a shekara ba ta wuce kamar dala 2,000 ba. Sai da ɓarna ta bayyana manyan kamfanoni suka haɗa kuɗi.

Saboda haka ya kamata hakimai da malamansu su lura. Oslo ta ba da rijiya, amma guga da igiya na gida ne: na'ura, da wutar caji, da kuɗin intanet, da horon ma'aikaci. Ana roƙon hakimai su tuna wa majalisar ƙaramar hukuma wannan lokacin kasafin kuɗi, gama ƙauyen da lissafinsa bai isa ba yana iya rasa rabonsa ranar rabon magani.