Agogon Turbo a Tarakta: A Kashe Shi Kafin Gyara

Turbon injin tarakta yakan juya fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, baƙin mai kuwa ke sanyaya shi. Idan aka kashe inji da zafinsa bayan huɗa, man yakan ƙone a ciki, turbo ya lalace. Aikin agogon turbo shi ne barin inji a kunne bayan an zare makulli. Ba dole ba ne. Direban da zai jira minti 3 zuwa 5 ba ya buƙatarsa.

Haɗarinsa yana wajen gyara. Mai na iya tsiyaya, a murɗa makulli inji ya ƙi mutuwa, ko fanbel ya kama yatsun makanike. Manoma su tabbatar an kashe agogon, inji ya tsaya, an kwance kan batir mai alamar ragi, kafin a ɗauki sifana.