Ko Ka San Injin Burtsatse Na Iya Nutsar da Birni?

Injin da ake zurawa cikin rijiyar burtsatse turo ruwa yake yi daga ƙasa. Zuƙa ba ta iya ɗaga ruwa fiye da mita 10, shi ya sa ake nutsar da injin cikin ruwan, yana juya jerin farfela, kowace tana miƙa wa ta samanta ruwan da ƙarin ƙarfi har ya fito. Da wannan dabara ake cim ma ruwan da ke kwance cikin yashi, can ƙasa da nisa.

Bangkok, babban birnin Tailan, ya ɗanɗana kuɗarsa a hannun wannan inji. Fadar sarki da ma'aikatun gwamnati da bankuna da manyan jami'o'i duk a nan suka taru, mutum sama da miliyan 10 na zaune a birnin da kewayensa, kuma babu garin da ya kama ƙafarsa a ƙasar. Ruwan famfo ya kasa, sai masana'antu da sababbin unguwanni suka duƙufa haƙa burtsatse. Ga shi birnin kan laka mai taushi yake, a bakin kogin Chao Phraya. Da zarar an janye ruwan yashin da ke ƙarƙashi, sai lakar ta tsane ta motse kamar tubali a rana. A farkon shekarun 1980 wasu unguwanni na nutsewa kusan santimita 10 a shekara. Benayen da aka kafa kan dogayen turaku suka tsaya, titi ya sauka ya bar su, har sai da aka ƙara matakala a ƙofofinsu.

Wani zai ce ai tekun ne ke cika. Gaskiya ne, amma cikar teku milimita kaɗan ce a shekara, ba ta kai kusa da wannan ba. Wani kuma zai ce doka ta yi maganin abin, tunda dokar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta 1977 da kuɗin da aka ɗora wa masu haƙa sun rage nutsewar sosai. Sun rage, amma lakar da ta motse ba ta komawa yadda take, kuma birnin bai daina jawo jama'a ba. A ganina laifin ba na injin ba ne. Ƙasar da ta tara aiki da ilimi da mulki a gari guda, ta ɗora wa ƙasan garin nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Haka aka yi a Jakarta, inda arewacin birnin ke nutsewa, har gwamnatin Indonesiya ta sanar a 2019 cewa za ta mayar da babban birninta tsibirin Borneo.