Masu Kiwon Kifin Koi a Tsaunukan Niigata

Daga watan Oktoba zuwa Nuwamba, hanyoyin da suka bi ta tsaunukan Ojiya da Yamakoshi, a jihar Niigata ta ƙasar Japan, kan cika da ƙananan motocin ɗaukar kaya, kowace da tankin ruwa a baya. Lokacin kwasar kifi ne, wanda mutanen wurin ke kira ikeage. Ana rage ruwan kandami, maza su shiga laka har ƙugu su ja taru, sannan a ɗauko kifayen ɗaya-ɗaya a rungume, a hankali, don kada ɓawo ko ɗaya ya kankare. A bakin kandamin dillalai ne tsaye daga Turai da Amurka da ƙasashen Asiya, kowa na son idonsa ya fara sauka kan na kirki.

Kakannin masu kiwon nan manoman shinkafa ne. Yankin nasu dusar ƙanƙara kan rufe shi har ta fi tsayin mutum, hanya ta toshe watanni, don haka suka riƙa kiwon wani baƙin kifi a ruwan da suke tara wa gonaki, su sami abin ci da hunturu. A farkon ƙarni na 19 aka fara ganin wasu na fitowa da ɗigon ja ko fari. Manoman suka ware su, suka haɗa wannan da wancan, launi ya yi ta gyaruwa daga tsara zuwa tsara, har aka sami kifin da ake kira koi. Sauran mutanen Japan sun san da kifin ne a 1914, lokacin da aka kai shi baje koli a Tokyo. Yau nau'uka uku ne ke kan gaba a daraja: Kohaku, fari mai zanen ja, Sanke, fari mai ja da ɗigon baƙi, da Showa, wanda baƙi ne tushensa, ja da fari suka hau kai.

Aikin shekara yana farawa tun kafin kifi ya yi ƙwai. Da ƙanƙara ta narke, sai a busar da kandamin 'ya'ya, a zuba farar ƙasa don kashe cuta, a watsa kashin kaji, a mayar da ruwa. Takin ne ke haifar da wasu ƙananan ƙwarin ruwa da jariran kifi za su fara ci. A watan Mayu ko Yuni ake haɗa uwa da maza, kuma zaɓen iyayen nan shi ne sirrin kowane gida, domin akwai jinin kifin da iyali ɗaya ke riƙe da shi tun zamanin kaka. Uwa ɗaya kan zubar da ƙwai dubu ɗari biyu ko fiye, su ƙyanƙyashe cikin 'yan kwanaki.

Daga nan ne ainihin sana'ar take. Cikin wannan tulin 'ya'ya, kaɗan ne ƙwarai za su zama abin sayarwa, kuma kandami ba zai iya ciyar da duka ba. Sai a zauna tantancewa. Mai kiwo da matarsa da 'ya'yansa kan zauna a inuwa gaban baho, kowa da 'yar raga a hannu, suna ɗebo kifin da bai kai tsayin ɗan yatsa ba, su dube shi daƙiƙa ɗaya ko biyu, su jefa shi dama ko hagu. Idan Showa ne, tun yana 'yan kwanaki ake tsince baƙaƙen a bar sauran. Idan Kohaku ne, sai ya yi kamar kwana arba'in. Ana duba ko ƙashin baya a miƙe yake, ko farin fatar tas yake, ko jan zai yi kauri ko zai kwaranye. Abin da ke sa ni jinjina wa mutanen nan shi ne, abin da suke nema bai bayyana ba tukuna. Zanen jikin koi yana sauyawa yayin da yake girma, baƙin Showa ma yakan kwanta a ƙarƙashin fata shekaru kafin ya fito. Mai tantancewa na duban ɗan kifi ne yana hango kamanninsa bayan shekara uku ko huɗu, kuma ba a koyon wannan sai da zama kusa da wanda ya iya, damina bayan damina. Sau uku ko huɗu ake maimaita zaman kafin kaka. Mai kiwon tarwada a Kano ko Zariya ya san wahalar ware manya da ƙanana, amma shi girma kawai yake dubawa, nan kuwa har da kyau.

Kifayen da suka tsallake tantancewa sukan yi lokacin zafi a kandamin laka, inda suke girma, fatarsu ta yi sheƙi. Ana ja musu zare a saman ruwa saboda zalɓe. Da sanyi ya kawo kai, a kwashe su zuwa tankunan siminti cikin rumfunan da ake ɗumama ruwansu da kananzir, kuma nan kuɗi ke tafiya: mai, wutar lantarki ta injinan iska da na tace ruwa, abinci, magani, ga aikin sauke ƙanƙara daga rufi kada ya rufta.

Hasara kuwa takan zo da girma. A 2003 wata cutar ƙwayar bairos da ake kira KHV ta ɓulla a Japan, ta kashe kifin ci mai ɗimbin yawa a tafkin Kasumigaura. A ranar 23 ga Oktoba 2004, daidai tsakiyar kwasar kifi, girgizar ƙasa ta afka wa yankin. Kandamai suka tsage, wuta ta ɗauke, injinan iska suka tsaya, aka kwashe mutanen Yamakoshi gaba ɗaya daga ƙauyensu. Kifayen da aka bari, har da iyayen da aka yi shekaru ana gina jininsu, da yawa suka mutu. Masu kiwon sun koma, suka sake haƙa, suka ɗora daga abin da ya rage.

A wajen ciniki tazarar farashi tana da faɗi. Ɗan shekara ɗaya na talakawa yen dubu kaɗan ne, shi ake cika kwali da shi, kuma shi ke riƙe da gida. Na musamman kuwa sai gwanjo. A 2018 an sayar da wata Kohaku mai tsayin kusan mita ɗaya a gonar Sakai da ke Hiroshima a kan yen miliyan 203. Irin wannan labari shi ke yawo a jaridu, amma yawancin masu kiwon Niigata ƙananan gidaje ne da ke lissafin ko cinikin kaka zai biya kananzir ɗin hunturu. Kifin da aka saya akan hana shi abinci kwanaki don kada ya ɓata ruwansa a hanya, a sa shi a leda mai ruwa kaɗan da iskar oksijin mai yawa, a ɗaure, a rufe a kwali, sai filin jirgi.

Dillali na gari ba ya sakin kifi sai ya tambayi mai saye irin kandamin da ya tanada. Ɗan kifin da ke tafin hannu yau zai kai santimita 60 zuwa 90, ya rayu shekara 25 ko fiye. Shi ya sa ake son zurfin ya kai mita ɗaya da 'yan kai, bango a tsaye don zalɓe ya rasa wurin tsayawa, kuma a ƙiyasta kamar lita 1,000 ga kowane babban kifi. Kada a haƙa a ƙarƙashin bishiya mai zubar da ganye, ko a kwarin da ruwan sama zai kwaso datti ya zuba. Matatar ruwa ita ce ran kandamin: kashin kifi na fitar da amoniya mai guba, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a matatar ne ke karya ta, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu, don haka ba a cika sabon kandami da kifi rana ɗaya. Ruwan famfo sai an cire masa kilorin. A ƙasa mai zafi irin tamu, inuwa da injin iska ba abin wasa ba ne, domin ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai, kuma inda wuta ke ɗaukewa dole a tanadi janareta ko sola.

Wanda filinsa ko aljihunsa bai kai ba, akan ba shi shawarar kifin zinare, wanda aka fara kiwonsa a ƙasar Sin fiye da shekara dubu da ta wuce. Bai cika wuce santimita 30 ba, yana da juriya, ba ya tumɓuke shuke-shuken ruwa yadda koi ke yi, kuma kandami mai zurfin santimita 60 ya ishe shi. Ana iya haɗa su biyun wuri ɗaya, muddin an auna girman ramin da matatar bisa buƙatar koi, sannan duk sabon kifin da aka sayo a keɓe shi a wani tanki na 'yan makonni kafin a zuba shi cikin sauran.