Burodin Yaƙi na Birtaniya Ba Dusa Ba Ne

Masu bibiyar tarihin Yaƙin Duniya na Biyu da dama sun ɗauka cewa burodin da gwamnatin Birtaniya ta wajabta wa jama'arta a 1942 dabarar tsimi ce kawai: alkama ta yi ƙaranci, aka cusa wa mutane dusa, aka kuma yi wa abin ado da zancen lafiya. Ba banza suka ɗauki haka ba. Burodin ya yi duhu, ga nauyi, ga saurin bushewa, har Turawan da kansu suka laƙaba masa sunan makamin ɓoye na Hitler. Mu kuma da muka saba surfe hatsi mu ba dabbobi dusar, wannan bayani ba zai yi mana wuyar karɓa ba.

Batun tsimi gaskiya ne. A lokacin, yawancin alkamar Birtaniya ta teku take zuwa, musamman daga Kanada, jiragen Jamus masu nutso kuma suna nutsar da jiragen kaya. Kafin yaƙi, kashi 70 cikin ɗari na ƙwayar alkama ake mayarwa fulawa. Ma'aikatar Abinci ƙarƙashin Lord Woolton ta ɗaga shi zuwa kashi 85. Sai dai a duba lissafin: kashi 15 ana cire shi har yanzu, kuma shi ne ɓawon mai kaushi. Abin da aka dawo da shi cikin garin shi ne sashen da ƙarfe da bitamin B1 suka fi taruwa, wanda farar fulawa ke zubarwa.

Hujjar da ta fi ƙarfi cewa ba tsimi kaɗai ba ne ita ce ta alli. Robert McCance da Elsie Widdowson na Jami'ar Cambridge sun gwada ire-iren burodi a kansu da abokan aikinsu, suka gano cewa garin da ba a tace sosai ba yana ɗauke da wani sinadari mai hana jiki shan kalsiyam. A lokacin da madara da cuku suka koma na rabo, wannan barazana ce ga ƙasusuwan yara. Sai aka umarci masu niƙa su riƙa zuba garin alli a fulawa, duk da surutun masu cewa ana gurɓata abinci. Gwamnatin da tsimi kaɗai ya dame ta me zai kai ta tono aibin burodinta, ta kashe kuɗi ta gyara, ta kuma jawo wa kanta zagi?

Wasu kan ce ai da aka soke burodin a 1956 jama'a suka ruga wa fari. Haka ne, amma wannan shaida ce a kan ɗanɗano, kuma ba a taɓa cewa yana da daɗi ba. Da aka koma farar fulawa, doka ta tilasta a mayar mata da ƙarfe da bitamin B1 da nayasin ɗin da tacewa ke kwashewa, a ci gaba da zuba kalsiyam. Har yau da wannan sharaɗi ake niƙa farar fulawa a Birtaniya.